AWON AMONIYA DA KULA DA MATACIN RUWAN KIFI

A zamanin da, in an yi zancen kiwon kifi a Arewa, abin da a kan tuna shi ne manyan tafkunan ƙasa irin na Panyam, waɗanda aka haƙa a farkon shekarun 1950 a Lardin Filato na lokacin, watau Jihar Filato ta yau. Yanzu kuwa kiwon ya shigo cikin gida. Akwai mai tankin siminti a bayan ɗaki, akwai mai tankin roba, akwai mai ƙyanƙyasar 'ya'yan tarwada a cikin akwatin gilashi, akwai kuma makarantu da ofisoshi da su ke ajiye kifin ado don koyarwa ko don sha'awa.

Tare da wannan sana'a wata irin ƙara ta zo zauren Hakimi. Mutum ya kwanta kifinsa lafiya, gari ya waye ya tarar sun yi rigingine. Sai ya ce maƙwabcinsa ne ya zuba masa guba da dare, ko yaron da ke yi masa aiki, ko kuwa wanda ya sayar masa da 'ya'yan kifin ya ba shi marasa lafiya. Zai rantse cewa ruwan garau ya ke, har ma jiya jiya ya wanke komai tas. To, sau da yawa wannan wankin da ya ke kafa shaida da shi, shi ne ya yi kisan. An rubuta wannan takarda don Hakimi da malaminsa su san abin da za su tambaya kafin a ɓata sunan wani.

GUBAR DA KIFI KE YI WA KANSA

Kowa ya san zarnin da ke tashi daga wurin da a ke yawan fitsari, ko daga akurkin kaji da aka daɗe ba a share ba. Abin da ke wannan zarni shi a ke kira amoniya. Kifi ma yana fid da ita, amma yawancinta ba ta bayansa ta ke fita ba. Ta kunnensa ta ke fita, watau jan naman nan mai kama da matsefi da ke ƙarƙashin marfi a gefen kansa, inda ya ke shaƙar iska daga ruwa. Ragowar abinci da ta ruɓe da mataccen kifi da aka bari a ciki su ma suna ƙara ta.

A kogi wannan ba kome ba ne, gama ruwa na wucewa. A tanki kuwa kifi yana zaune cikin abin da ya fitar. Abincin kifi na buhu yana da furotin mai yawa, kuma lissafin da masana ke aiki da shi shi ne, kilo 1 na irin wannan abinci yana haifar da kusan giram 30 na amoniya. In aka zuba kilo 1 a rana a tanki mai lita 1,000, kuma babu abin da ke kwashe ta, a yini guda za ta kai miligiram 30 a kowace lita. Akwatin gilashi mai lita 100 da a ke zuba wa giram 3 kawai, shi ma yana tara kusan miligiram 1 a lita kowace rana. In ta taru a ruwa, kifi ba ya iya fid da ta jikinsa, sai ta tsaya a jininsa, kunnuwan su lalace, ya daina cin abinci, daga nan sai mutuwa.

Amoniya ba ta da launi a ruwa. Ruwa mai haske kamar na sha yana iya zama mai kisa, koren ruwa mai gansakuka kuma ya zama lafiyayye. Saboda haka shaidar ido ba ta da ƙarfi a wannan magana.

Har wa yau amoniyar da ke cikin ruwa iri biyu ce. Akwai sakakkiya, wadda masana ke rubutawa NH3, ita ce ke ratsa kunnen kifi ta shiga jini. Akwai ɗaurarriya, wadda a ke kira amoniyam, NH4, ita ɓarnarta kaɗan ce. Ba a zaune su ke ba, ɗaya tana rikiɗa ta koma ɗaya, kuma abu biyu ke raba musu rabo: zafin ruwan, da kuma matsayinsa tsakanin tsami da kanwa. Wannan matsayi shi a ke aunawa da ma'aunin da a ke kira pH. Lamba 7 ita ce tsakiya. Ƙasa da 7 ruwa ya karkata wajen tsami, sama da 7 ya karkata wajen kanwa. A ruwa mai zafin digiri 30, in pH ya tsaya a 7, sakakkiyar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. In ya hau 8, ta kai kashi 7 da rabi. In ya hau 9, ta kusa rabi, watau wajen kashi 45.

Ga misali. Mutum biyu sun auna ruwansu, kowa ya sami miligiram 2 a lita. Na farko pH ɗinsa 7, gubar da ke ruwansa ba ta wuce 0.016 ba, kifinsa suna ta harkarsu. Na biyu pH ɗinsa 9, gubarsa ta kai 0.9, watau ta ninka ta na farko fiye da sau 50. Iyakar da a ke so ga kifin ado da ƙananan 'ya'yan kifi ita ce kada sakakkiyar ta wuce 0.02. Babbar tarwada ta fi yawancin kifaye haƙuri, shi ya sa mai kiwonta ya kan daɗe yana ganganci bai ga sakamako ba, amma tana biya da rashin ci da rashin girma tun kafin ta mutu.

Yawancin kayan awon da a ke sayarwa jimlar iri biyun su ke nunawa. Don haka lambar amoniya ita kaɗai, ba tare da pH da zafin ruwa ba, rabin labari ce. Wanda ya kawo wa Hakimi ita kaɗai, sai a tambaye shi sauran biyun.

YADDA AWO KE YAUDARA

Kayan awon iri uku ne a hannun mutane. Mafi tsufa shi ne ruwan Nessler, wanda wani Bajamushe mai suna Julius Nessler ya haɗa a 1856. Kwalba ɗaya ce, a ɗiga a ruwa, in da amoniya ya koma rawaya har zuwa ruwan ƙasa. Yana da sauri, amma akwai zaiba a cikinsa, guba ce, ba a zubar da ragowarsa inda yara ko kaji za su taɓa. Kuma ruwa mai yawan farar ƙasa, irin na waɗansu rijiyoyin burtsatse, ya kan sa shi ya yi duhu-duhu, a ɗauka amoniya ce. Haka kuma waɗansu magungunan da a ke zubawa don kashe kulorin da ɗaure amoniya su kan rikita launinsa.

Na biyu shi ne mai kwalba biyu ko uku, wanda asalinsa binciken Bafaranshe Marcellin Berthelot ne na 1859. Shi daga rawaya ya ke tashi zuwa kore. Shi ne ya fi yawa yau, kuma ya fi dacewa da mai akwatin gilashi. Na uku 'yar takarda ce da a ke tsomawa a ruwa. Tana da sauƙi, amma da zarar laimar damina ta shiga gwangwaninta, an gama da ita. Ta isa ta ce akwai ko babu, ba ta isa a kafa hukunci a kanta ba.

Mai kwalba biyun ma ba ya faɗin gaskiya sai an bi ƙa'idarsa. A wani sanannen irinsa, a kan ɗebi mililita 5 na ruwa, a ɗiga ɗigo 8 daga kwalba ta farko, 8 daga ta biyu, a girgiza, a jira minti 5, sa'an nan a gwada da katin launi. Wani irin kuma adadinsa dabam, sai a bi takardar da ta zo da shi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai akwai inda a ke tuntuɓe.

Ruwan da za a ɗeba, a ɗebo shi daga tsakiyar tanki, ba daga bakin famfon da sabon ruwa ke shigowa ba. A ɗauraye 'yar kwalbar awon sau biyu da ruwan tankin kansa. Kwalbar da aka bar awon jiya ya bushe a cikinta, ko aka wanke da sabulu, ta riga ta ɓata lissafi. A cika ta daidai zanen da ke jikinta, ido yana daidai da zanen. A riƙe kwalbar magani a miƙe, bakinta ƙasa sosai, gama in an karkata ta ɗigon ba ya zama daidai da juna. A rufe da marfi a girgiza. Kada a toshe bakin da yatsa, domin gumin mutum yana ɗauke da amoniya, maganin kuma yana cin fata.

Sai jira. Nan ne malamai masu gaggawa ke faɗuwa. Wanda ya duba a minti 2 zai ga launi bai nuna ba, ya rubuta ruwa lafiya. Wanda ya ajiye ya tafi salla ya dawo, zai iya tarar da launi ya wuce gaskiya. Sai a sa agogo.

Mafi wuya duka shi ne karanta launin. Katin yana tsalle ne: 0, sai 0.25, sai 0.5, sai 1, 2, 4, 8. Tsakanin 2 da 4 babu kome, ido ne ke ƙiyasi. Tsakanin 0 da 0.25 kuwa bambancin rawaya ne da rawaya mai ɗan sirkin kore, kuma a ƙarƙashin fitilar lantarki ko tocilan kusan duk ɗaya ne. A fita waje, a tsaya a inuwa da rana, a jingina kwalbar da farin gefen katin. Akwai kuma maza waɗanda idonsu tun haihuwa ba ya rarrabe kore da kyau, su kansu ba su sani ba, don haka ba laifi ba ne a kira mutum na biyu ya faɗi abin da ya gani kafin na farko ya faɗi nasa.

Dabara mafi amfani a nan ba ta cin ko kwabo. A auna kwalba biyu a lokaci guda, ɗaya ruwan tanki, ɗaya ruwan sha na gora wanda aka tabbata tsarkakakke ne. A jera su. In launinsu ɗaya, babu amoniya, kome katin zai ce. In ruwan gorar ma ya nuna kore, maganin ne ya lalace, ko kwalbar ce ba ta da tsabta. Maganin awo yana da ranar ƙarewa a jikinsa, kuma zafin bazara yana tsufar da shi tun kafin ranar, musamman wanda aka ajiye a taga ko a cikin mota. In kuwa ruwan tankin kore ne shar ko ja, sai a tace shi da farin ƙyalle mai tsabta kafin a auna, don kada launinsa ya haɗu da na magani. In launin ya kai ƙarshen kati, watau 8, ba a san iyakarsa ba ke nan. Sai a haɗa rabin ruwan tanki da rabin ruwan gora, a auna, a ninka abin da aka samu sau biyu.

Ruwan da a ke cika tanki da shi, shi ma a auna shi. Akwai rijiyoyin da ke kusa da masai ko turken dabbobi waɗanda ruwansu ke zuwa da amoniyarsa. Mai irin wannan rijiya zai yi ta canja ruwa, lamba ta ƙi sauka, ya ɗora laifi a kan mai sayar da magani.

Lokacin awo ma yana da hukunci. Amoniya tana hawa 'yan sa'o'i bayan an ba da abinci. A tankin da ke rana mai koren ruwa kuwa, pH yana ƙasa da asuba, sa'an nan ya yi ta hawa har la'asar, saboda gansakuka na zuƙe iskar da ke sa ruwa tsami. Ruwan da aka auna da hantsi aka ce lafiya, da la'asar yana iya zama wani abu dabam, alhali jimlar amoniyar ba ta canja ba. Wanda zai auna sau ɗaya a rana, ya auna da la'asar, kuma kullum a lokaci guda.

MATACI MAI RAI NE

Mataci shi ne akwatin nan ko durom da a ke cusa wa soso da tsakuwa, inji yana tura ruwan tanki ta cikinsa ya komo. Mutane sun ɗauka aikinsa kamar na rariya ne, watau tare datti. Wannan ƙaramin aikinsa ne. Soso ba ya tare amoniya, kamar yadda rariya ba ta tare gishirin da ya narke. Abin da ke kawar da ita waɗansu ƙwayoyin halitta ne, ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita, waɗanda ke manne a jikin soso da tsakuwa. Amoniya ce abincinsu. Kashi na farko su ci ta su mai da ita naitirait, wadda ita ma guba ce, tana mai da jinin kifi ruwan ƙasa ya kasa ɗaukar iska. Kashi na biyu su ci naitirait su mai da ita naitiret, wadda ɓarnarta kaɗan ce, taki ce ma ga shuka.

An daɗe ba a san wannan ba. Gidan kifin gilashi na farko da aka buɗe wa jama'a an buɗe shi ne a gidan namun daji na Landan a 1853, amma sai a 1877 waɗansu Faransawa biyu, Schloesing da Müntz, suka gane asirin. Suna zuba ruwan ƙazanta ta cikin dogon bututu cike da yashi da farar ƙasa. Kwana wajen 20 ruwan yana fita da amoniyarsa, daga nan sai ta ɓace. Da suka sa wa yashin maganin sa barci irin na asibiti, aikin ya tsaya cik. Suka ce abin da magani ke kwantarwa, lalle mai rai ne. A 1890 wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, ya ware ƙwayoyin ya nuna su. Har yanzu ana ƙara saninsu, don a 2015 aka gano wata iri mai yin aikin kashi biyun ita kaɗai.

Kwana 20 ɗin nan na Faransawa shi ne abin riƙewa. Waɗannan ƙwayoyi ba su da saurin haihuwa. Ƙwayoyin da ke ruɓar da nama su kan ninka cikin ƙasa da sa'a ɗaya, waɗannan kuwa su kan kusa kwana. Sabon mataci yana bukatar mako 4 zuwa 6 kafin ya iya ɗaukar nauyin tanki, a lokacin ɗari ma ya fi haka. Wanda ya sayi sabon akwati da sabon mataci ranar Asabar, ya cika shi da kifi ranar Lahadi, ya zuba su ne a ruwan da babu mai share shi. Su kan fara mutuwa cikin mako na farko ko na biyu, kuma a nan ne a kan kai ƙarar mai sayar da 'ya'yan kifi. Hanyar da ta dace ita ce a fara da kifi kaɗan da abinci kaɗan, a auna kullum. Za a ga amoniya ta hau ta sauka, sa'an nan naitirait ta hau ta sauka. Sai duka biyu sun koma 0 a ƙara kifi, da kaɗan kaɗan. In an sami guntun tsohon soso daga tanki mai lafiya aka cusa cikin sabon, kwanakin su kan ragu ƙwarai, kamar yadda a ke ɗiga tsohon nono a sabuwar madara don ta yi kindirmo.

Daga nan ƙa'idar wanki ta fito. Santsin nan mai ruwan ƙasa da ke jikin soso, wanda mai tsabta ke ƙyama, shi ne garken. Ruwan famfo na Hukumar Ruwa ana sa masa kulorin don ya kashe ƙwayoyi, kuma ba ya tambayar mai amfani ko mai cuta. Sabulu, ruwan zafi, shanya a rana, duka kisa ne. Mutumin da ya ga matacinsa ya yi datti, ya kwance shi, ya wanke da omo a bakin famfo, ya shanya ya bushe ƙayau, ya mayar, ya koma ranar farko, amma wannan karon da tanki cike da manyan kifi masu ci. Bayan kwana biyu ko uku sai mutuwa. Shi kuwa abin da zai tuna shi ne ya yi tsabta.

Wankin da ya dace shi ne a ɗebi ruwan tankin kansa a bokiti, a matse soson a ciki sau uku ko huɗu har kaurin laka ya fita, a mayar da shi da sauran launinsa. Ba fari a ke nema ba, hanyar ruwa a ke buɗewa. Soson farko, wanda ke tare kashi da ragowar abinci, shi a ke yawan wankewa, mako mako ko da zarar an ga ƙarfin ruwan da ke fita ya ragu. Tsakuwar da ke bayansa ba a taɓa ta sai ta toshe, kuma in za a taɓa, rabi yau, rabi bayan mako biyu. In soso ya tsufa yana rududdugewa, a sa sabon kusa da shi su yi wata guda tare kafin a jefar da tsohon. Kada a haɗa wankin mataci da goge bangon tanki da canja ruwa mai yawa a rana ɗaya.

Barin mataci ba wanki shi ma ɓarna ne. Ƙwayoyin suna shaƙar iska fiye da yadda a ke zato: kafin su sarrafa giram 1 na amoniya sai sun sha fiye da giram 4 na iskar oksijin, ruwa mai zafin digiri 30 kuwa ba ya riƙe fiye da miligiram 7 da rabi a lita. In laka ta toshe soso, ruwa sai ya sami hanya ta gefe ya wuce, na ciki su shaƙe.

Wannan ya kawo maganar ɗauke wuta. In inji ya tsaya, ruwan da ke kulle cikin mataci iskarsa ta kan ƙare cikin 'yan sa'o'i. In aka daɗe, sai ya fara warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wuta na dawowa, inji ya tura wannan ruwa cikin kifi. Saboda haka in an ga wutar za ta daɗe, a buɗe matacin, a fid da soso da tsakuwa a sa a faffaɗan baho da ruwan tanki kaɗan, iska na taɓa su, kada dai su bushe. In an riga an makara, a zubar da ruwan cikinsa, a ɗauraye, kafin a kunna. Kuma a rage abinci kwana biyu ko uku.

Magani ma yana kashe su. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da a ke zuba wa kifi, da shuɗin maganin nan na masu ƙyanƙyasa, duk suna taɓa mataci. Kifi mara lafiya a ware shi a wani mazubi a yi masa magani a can.

Akwai tarko guda wanda ya kan kama har waɗanda suka daɗe a sana'ar. Aikin ƙwayoyin nan yana sa ruwa tsami a hankali. Tankin da aka daɗe ba a canja masa ruwa ba, pH ɗinsa ya kan gangara zuwa 6 ko ƙasa, a nan kuma ƙwayoyin su kan yi sanyi, amoniya ta taru. Amma kifi ba sa mutuwa, domin tsamin ya ɗaure ta. Ran da mai tankin ya yi zuciya ya zuba ruwan burtsatse mai pH 8, ko ya watsa farar ƙasa ko kanwa don gyara, sai ɗaurarriyar da ta rage ta saku a sa'a guda. Irin wannan tanki, kaɗan kaɗan a ke canja masa ruwa, kashi 1 cikin 10 kowace rana, ana aunawa.

In ba irin wannan ba ne, kuma awo ya nuna amoniya ta hau, abin yi a fili ya ke. A tsai da abinci, kwana biyu ba sa kashe babban kifi. A kwashe matattu da ragowar abinci da tiyo. A canja sulusi ko rabin ruwan da wanda ba shi da kulorin, mai zafi daidai da na ciki. A ƙara iska. Canja rabin ruwa rabin amoniya kawai ya ke ragewa, don haka sai a sake aunawa, a maimaita gobe. Masu tankin tarwada da yawa ba su da mataci sam, canjin ruwa shi ne matacinsu, kuma awo ne zai gaya musu ko kwana nawa ruwansu ke ɗauka, ba wari ba. Ruwan da su ke zubarwa yana da kyau ga lambu. A lungu kuwa sauro ya ke tarawa da faɗan maƙwabta, don haka ya kamata masu unguwa su san inda kowane mai tanki ke sakin nasa.

LITTAFI

Inda ƙungiyar matasa ko makaranta ke kiwo da kuɗin jama'a, ya kamata Hakimi ya sa a buɗe littafi, malaminsa ya riƙa dubawa. Kowace rana layi ɗaya: kwanan wata, lokacin awo, zafin ruwa, pH, amoniya, naitirait, nauyin abincin da aka zuba, yawan ruwan da aka canja, abin da aka yi wa mataci, sa'o'in da wuta ta ɗauke, da kifin da ya mutu. A rubuta abin da aka gani. Malamin da ya ga launi tsakanin 1 da 2 ya rubuta haka, kada ya zaɓi wanda zai faranta ran shugaban ƙungiya. Shafin da aka cika da 0 tun daga sama har ƙasa da alƙalami ɗaya, a zaune ɗaya aka rubuta shi.

In ƙara ta zo, tambayoyin ba su da yawa. Yaushe aka kafa tankin? Yaushe aka ƙara kifi ko aka ƙara abinci? Yaushe aka wanke mataci, da wane ruwa, wa ya wanke? An ɗauke wuta a daren? An zuba magani, ko farar ƙasa, ko sabon ruwa mai yawa? A tambayi yaron aikin shi kaɗai, ba a gaban maigidansa ba, gama sau da yawa umurni ya bi.

Ba a ce ba a taɓa zuba wa kifi guba ba. Ana yi. In amsoshin nan ba su nuna kome ba, kuma kifi manya da ƙanana sun mutu gaba ɗaya cikin ɗan lokaci a tankin da littafinsa ke lafiya, sai a ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta, a cika ta har baki, a rufe a gaban shaidu, a sa ta cikin sanyi tare da kifi biyu ko uku, a aika wa jami'in kifi na Ma'aikatar Gona a ranar. Amma Hakimi ya lura da abu guda game da awon da aka yi bayan mutuwa. Matattun kifi da suka kwana a ruwan zafi su da kansu suna cika shi da amoniya. Lamba mai yawa da aka samu da hantsi ba ta nuna amoniya ce ta kashe su, tana iya zama gawar ce ta haife ta. Awon da ke da nauyi a shari'a shi ne na jiya da shekaranjiya, wanda aka rubuta tun kifin suna da rai.